Fitilar caji na kamawa a sama, a ƙasa kuma lafiya lau: ta ina za a fara?

Ƙanena, saƙonka ya iso ni. Ka ce jirginku Cessna 172 ne na farkon shekarun 1980, mai wutar bolt 28, yana zaune a filin jirgin Damagaram. Idan ya tashi, bayan minti 20 ko 30 sai jar fitilar ƙarancin wuta ta kama, allurar amfiya ta koma gefen zuƙewar batir. Matuƙi ya kashe masta, wato babban makunnin wutar jirgi, ya kunna, caji ya dawo, can an jima ya sake ɗaukewa. Kun tada shi a ƙasa sau uku ba ku ga komai ba. Kun canza regileta, kun canza batir, tsugune ba ta ƙare ba, yanzu kuma maigidanku yana son a yi odar sabuwar altanata, wato na'urar da ke haifar da wuta ta yi wa batir caji. Kana tambaya ko ita ce.

Tana iya zama ita, amma ni ba zan sa ko dala a kai ba tukuna. Ka roƙi maigidan ya ba ka kwana biyu da mitar awon wuta kafin ya tura kuɗi waje. Kun riga kun sayi kaya biyu bisa zato, kada a yi na uku.

Babbar shaidar da ke hannunka ita ce wadda ka faɗa a tsakiyar magana kamar ba komai ba: kashe masta da kunnawa yana dawo da caji. Altanatar da naɗinta ya ƙone, ko bel ɗinta ya tsinke, ba ta san an taɓa makunni ba, ko sau ɗari aka danna shi. Abin da ke dawowa da dannawa, ɗayan biyu ne. Ko dai mai gadin wuta ne, wato na'urar da ke tsare jirgi daga wutar da ta yi yawa, ya kashe altanatar da gangan, ko kuma shi kansa makunnin ne ke da ciwo, dannawar tana goge bakinsa ya kama na ɗan lokaci.

Bari in buɗe maka wannan, don duk sauran aikin a kansa yake. Altanata ba ta da maganaɗisu na kanta. Sai an ba ta ƴar wuta kaɗan ta ƙafar da aka rubuta wa F, wutar ta ratsa burushin kabon guda biyu, waɗanda makanikanmu ke ce wa sharbon, ta hau zobba biyu na tagulla, ta shiga naɗin da ke juyawa, sannan ya zama maganaɗisu. Juyawarsa ce ke haifar da babbar wuta a naɗin waje, diyod shida su miƙar da ita, ta fita ta ƙatuwar ƙafar B zuwa sandar rabon wuta. Regileta ba ta taɓa babbar wutar ko kaɗan. Aikinta ta duba bolt nawa ke kan layi, idan ya yi ƙasa ta ƙara wa ƙafar F, idan ya yi sama ta rage. A jirgi irin naku regileta da mai gadin suna cikin akwati ɗaya, kuma littafin matuƙi ya ce da zarar wuta ta kai wajen bolt 31.5 mai gadin zai datse altanata. Idan ya datse, ba ya saki sai an ɗauke masa wuta an mayar. Ka ga ke nan abin da matuƙinku ke yi a sama. A sababbin 172 ma ba haka yake yi ba, birekar ƙafar F yake fitarwa, ka gan ta a tsaye da idonka.

To, me zai sa mai gadi ya yi ta datsewa alhali regileta sabuwa ce? Ƙaramar wutar nan da ke zuwa ƙafar F tana da doguwar hanya: daga sandar rabo ta bi bireka mai amfiya 5, ta bi rabin makunnin masta da aka rubuta wa ALT, ta bi soket mai ƙafafu, ta shiga akwatin, ta fito, ta ratsa bangon da ya raba inji da ɗakin matuƙi, sannan ta isa altanata da ke can gaba kusa da farfela. Kowane mahaɗi a hanyar nan ya shekara arba'in yana shan girgiza, zafi da ƙura. A jirage da yawa kuma, ta wannan layin ne regileta ke kallon bolt ɗin jirgin. Idan wani mahaɗi ya yi tsatsa yana cinye bolt ɗaya, regileta za ta ga 27 alhali 28 ne a kan sanda, sai ta ƙara wuta. Idan kuma mahaɗin yana kamawa yana saki da girgizar inji, kowane saki regileta ta buɗe gaba ɗaya, kowane kamu wuta ta yi tsalle. Tsallen na ƙiftawar ido ne, allura ba za ta nuna shi ba, amma mai gadi ya gani. Ka canza regileta goma, duk ƙarya ɗaya za a yi musu. An bar jaki ana dukan taiki.

Kafin ka ɗauki sifana, ka zauna da matuƙin ku sha shayi, ka yi masa tambayoyi. Allurar amfiya tana rawa kafin fitilar ta kama, ko tana tsaye cak sai kawai ta faɗi? Fitilun cikin ɗaki suna ƙyafƙyaf? Yana jin wani siririn kuka a abin kunnensa da ke hawa da sauka tare da inji? Abin yana faruwa ne daidai lokacin da ya danna rediyo zai yi magana, ko yana sauke fulaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka, ko ya shiga iska mai jijjiga? Bayan minti 30 a sama, allurar ta dawo kusa da tsakiya? Littafin Cessna ya ce a lokacin bai kamata cajin ya wuce faɗin allura biyu ba. Matuƙa sukan ga abubuwa da yawa su yi shiru, don ba su ɗauke su a bakin komai ba. Allura mai rawa a Cessna, sau da yawa makunnin masta ne ko birekar da ke bayansa.

Wata fitilar kuma ba cuta ba ce. Idan jirgi na tafiya a ƙasa, inji a kwance, fitilun sauka da rediyo duk a kunne, jar fitilar na iya kamawa, da an ƙara wa inji gudu ta mutu. Wannan littafin ma ya faɗe shi. Ka tabbata ba a haɗa ta da taku ba.

Yanzu awo. Ka ajiye gefen om na mitarka, wato mai auna yadda waya ke hana wuta wucewa, don shi ne ke yaudarar yara. Waya mai sili ashirin wadda goma sha tara suka tsinke, saura ɗaya, za ta nuna maka sifiri a om, ka ce lafiya take. Sai an ɗora mata kaya take tona kanta. Saboda haka abin da za ka auna shi ne bolt nawa ke zubewa tsakanin bakin abu da ƙarshensa a lokacin da wuta ke ratsa shi.

Inji a kashe, makullin magneto, masu ba fulogi wuta, a aljihunka, rediyoyi a kashe, ba kowa kusa da farfela. Kunna masta, rabin BAT da rabin ALT duka. Da yake altanata ba ta juyawa, regileta za ta ga wuta ta yi ƙasa, ta buɗe wa ƙafar F iya ƙarfinta, wanda shi ne daidai abin da kake so. Da farko ka ɗan kanga sukudireba kusa da fulin altanata. Idan ka ji ana jan ƙarfen, maganaɗisu ya samu, hanya a buɗe take aƙalla a wannan lokacin. Daga nan ka kafa jan tsinken mita a kan sandar rabo, ka riƙa tafiya da baƙin: bayan bireka, bayan makunni, bakin soket, ƙafar shiga akwati. Kowane mataki ka rubuta. Mahaɗi mai lafiya ba ya cin fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na bolt. Idan jimillar daga sanda zuwa akwati ta kai rabin bolt, akwai aiki. A ƙafar F ta altanata kuma ya kamata ka samu abin da bai gaza na sanda da fiye da bolt ɗaya ko biyu ba.

Kada ka tsaya a lambar farko. Ka bar tsinken a manne, ka sa wani ya zuba wa mitar ido, kai kuma ka kwanta a ƙarƙashin allon matuƙi da tocila a baki, kana motsa wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ka ƙwanƙwasa bireka da gindin sukudireba. Ka ɗan jijjiga makunni ba tare da ka kashe shi ba. Lambar da ta yi tsalle ita ce bakin zaren. Sai dai kada ka bar masta a kunne tsawon awa, naɗin yana ɗaukar zafi, batir kuma yana tafiya.

Akwai wani 172 da ya taɓa wahalar da ni kamar haka. Duk tashin da zai yi ya nufi arewa, kafin a hango Tanut caji ya ɗauke. Da safe a rumfa in auna, komai tsaf. Ran nan na gaji, na bar shi a rana har bayan azahar a watan Afrilu, ƙofofi a rufe, ɗakin ya zama tanda, kujerar ba ta zaunuwa. Na shiga da tawul a wuya na sake awo. Tsakanin bakin makunnin ALT da bayansa, inda da safe na ga 0.2, sai ga 0.9, ina taɓa wayar lambar ta fara tsalle kamar fara. Na zare ƴar hular da ke manne a ƙafar makunnin, ta fito ba tare da na ja ba, don bakinta ya saki. Cikinta ya yi baƙi, robar gefenta ta canza launi kamar ƙosai ya wuce wuta, ga jar ƙasar nan tamu ta shiga ta daskare a ciki. Abin bai kai girman farcen ɗan yatsa ba. Shi ya ajiye jirgi sati uku. Makunni da hula muka canza, magana ta ƙare.

Darasin da na ɗauka ranar, wanda ya shafe ka kai tsaye: gwajin da kuka yi sau uku a ƙasa, da wane lokaci kuka yi shi? In da sanyin safiya ne, murfin inji a cire, minti biyar, to ba ku gwada komai ba. Ciwon da ke fitowa bayan minti 20 a sama ciwon zafi ne da girgiza. Ƙarfe na buɗewa idan ya yi zafi, hular da ta saki tana ƙara saki. Dole ka kai masa zafin. Na'urar busar da gashi ta mata tana aiki sosai a nan, ka hura wa abin da kake zargi ɗaya bayan ɗaya, kana kallon mita. Idan za ka tada inji da murfi a rufe, ka fuskantar da jirgin ga iska, ido a kan zafin mai da na inji, don a ƙasa ba ya samun iskar da ke sanyaya shi. Ka kuma nemi wuri mai tsabta, farfela na tsotso tsakuwa.

Rabin hanyar wuta mutane ke aunawa, su manta da dawowarta. Wutar da ta fita ta ƙafar B ta jikin ƙarfe take komawa: daga gangar altanata zuwa inji, daga inji zuwa jikin jirgi, daga nan zuwa batir. Shi ne mas. Inji kuwa a kan roba yake zaune don rage girgiza, roba ba ta ɗaukar wuta, sai ta wata saƙaƙƙiyar waya mai faɗi da ta haɗa inji da jiki. Da inji na aiki, duk fitilu da abin ɗumama bututun awon gudu a kunne, ka auna daga gangar altanata zuwa ƙafar batir ta mas. Fiye da 0.2 ko 0.3 ya yi yawa. Wayoyin mita dogaye za ka yi, ka ɗaure su tun inji na kashe, ka ja su zuwa cikin ɗaki. Kada in ji an ce ka tsaya a bayan farfela mai juyawa da tsinke a hannu, a injin kamfanin Lycoming irin naku altanata a hancin injin take, tazarar tafin hannu ce tsakaninta da ajali. Shi ma akwatin regileta yana da nasa mas. Da kuka ɗaura sabon, kun kankare wurin zamansa har ƙarfe ya fito fari, ko a kan tsohon datti da fenti kuka ɗaure? Regileta mai mas mara kyau tana ganin wuta ƙasa da yadda take, ta yi ta ƙarawa.

A nan ni ma na taɓa cin kunya. Na sa mai jirgi ya sayi altanata, muka yi kusan wata muna jiran ta iso ta Yamai, na ɗaura, ciwo na nan. Wayar mas ce ta ci rabi a ƙarƙashin noti, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance. Tsohuwar altanatar lafiyarta ƙalau. Har yau idan na tuna kallon da mutumin ya yi mini, ba na jin daɗi.

Idan hanyar ƙafar F da mas duk sun fita, sai mu zo kan altanatar, don ban wanke ta gaba ɗaya ba. Sharbon da ya cinye, ko zobban da suka yi datti da zane, suna iya kawo irin wannan ciwon daidai: burushi na tsalle a kan zobe, wuta na yankewa tana dawowa, mai gadi ya datse. Ƙurar hunturu da ke rufe mana gari daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga altanata tare da iskar sanyaya ta, kuma ga kabon ba ta da bambanci da sanfefa. Masta a kashe, ka cire wayar F, ka sassauta bel, ka auna om tsakanin ƙafar F da ganga, ko tsakanin F1 da F2 idan biyu ne. Na bolt 14 sukan nuna wajen om 4, na 28 sun fi haka, ainihin lambar tana cikin littafin taku. Amma ba lambar ce ta dame ni ba. Ka juya fulin da hannu a hankali kana kallo. Motsi kaɗan ba laifi. Idan tana tashi zuwa ɗaruruwa ko mita ta nuna a buɗe a wani wuri, sharbon ne ko zobe. Ka duba littafin jirgi ka ga yaushe rabon da a buɗe ta. Awa 500 ake so a riƙa duba cikinta, kuma a ƙasa mai ƙura kamar tamu ni ba na jiran ta cika.

Tun da wayar F na hannunka, ka bi ta da yatsa daga altanata har bango. Tana da rigar saƙar ƙarfe don hana ƙara a rediyo. Inda ta gogi wani ƙarfe ko maɗauri, cikin na iya taɓa rigar, ya zama gajeriyar hanya zuwa mas. Wannan yana fitar da bireka, yana kuma iya ƙona sabuwar regileta a tashin farko. Mafi muni, idan ta gogi babbar wayar B, altanata ta samu wuta ba ta hannun regileta ba, bolt ya haura ba mai tsayar da shi. Ka duba bakin hular da ke ƙafar F ɗin ma, wurin da waya ke shiga, nan girgiza ta fi karya sili.

Bel ba na zarginsa sosai a taku, tunda dannawa na gyarawa, amma dubawa ba ta kai minti biyar ba. Yatsa ba awo ba ne. Lycoming na da hanyarsu: a sa sifana mai awon ƙarfi a notin fuli, a juya har fulin ya zame a cikin bel. Ga bel mai faɗin 3/8 na inci, sabo ya zame tsakanin 11 da 13 a ma'aunin ƙafa da laba, wanda ya yi aiki tsakanin 7 da 9. Idan ka ga baƙin gari a kusa da fuli ko gefen bel ya yi sheƙi, yana zamewa. Kada kuma ka ɗaure shi kamar tsirkiyar baka, boris ɗin altanata ne zai biya. Ka sani tun yanzu, canza bel a wannan injin sai an sauke farfela. Wasu injinan kamfanin Continental ma ba bel gare su ba, haƙori ne ke juya altanata ta wani mahaɗi mai roba, idan ya lalace tarkacensa cikin man inji yake zuba. Ba naku ba ne, na faɗa ne don wata rana za ka gamu da shi.

Diyod kuwa alamarsa daban. Idan ɗaya ya mutu, altanata ba ta ɗaukewa, rauni take yi. Ba kaya, bolt 28 cif. Ka kunna fitilun sauka da sauran masu ci, ya zube zuwa 26 ko 25 ya ƙi tashi ko an ƙara wa inji gudu, ga kukan nan a abin kunne. Ka juya mita zuwa gefen wuta mai kai da komo, ka auna a ƙafar B inji na aiki, idan ta doshi bolt ɗaya akwai diyod da ya tafi.

Batir sabo ne, na ji, amma sabo ba ya nufin cikakke. Wanda ya kwana bai yi aiki ba, mai bolt 24, ya nuna sama da 25 kaɗan. Da inji na caji sanda ta zauna wajen 28. Batir ba rumbu kaɗai ba ne, shi ne randar da ke shanye duk tsallen da wuta ke yi. Idan kan batir ya saki, ko babban rilen da masta ke rufewa ya ƙone a ciki yana kamawa yana saki, to a wannan ƙiftawar altanata na aiki ba randa, wuta ta yi sama. Ka auna zubewar bolt tsakanin manyan ƙafafun rilen biyu da kaya a kai. Zafin bazararmu, da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana cin batir da wuri, mai ruwa kuma yana ƙafewa. Tataccen ruwa kawai za a ƙara masa, ba na famfo ba, ba na leda ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake tsoro, tunda na san a garejin mota ka fara koyo kamar yawancinmu. Gwajin nan na cire kan batir mota na aiki don a ga ko za ta mutu, ka bar shi a gareji. A jirgi ba zai gaya maka komai ba, domin injin ba da batir yake ba da wuta ga fulogi ba, magneto biyu ne masu cin gashin kansu, ko ka fitar da batir ka ajiye a ƙasa injin zai ci gaba da aiki. Abin da zai faru kawai shi ne wuta ta yi tsalle ta ƙone rediyo da na'urar da ke nuna jirgin ga hasumiya, waɗanda kuɗinsu ya ninka na altanata. Haka nan kada a taɓa ƙafar F da mas don ganin tartsatsi. Kuma idan batir ya mutu murus, kada a tada jirgi da wutar waje a tashi da shi a haka. A sauke shi a yi masa caji a hankali. Batirin da ba komai a cikinsa zai zuƙi wuta da yawa ya yi zafi, kuma idan altanata ta ɗauke a sama babu abin da zai riƙe jirgin ko na minti biyar.

Wata rana wani zai ce maka altanatar Cessna ai irin ta motar Ford ce, a kasuwar Dole ko a Kano za a samu. Kamannin gaskiya ne, asalinsu ɗaya. Amma ba ita ba ce, taku ma bolt 28 ce, kuma abin da ba shi da takardar shaida ba ya hawa jirgi. Har hulunan waya na jirgi daban ne, matse su ake yi da filaya tasu. Murɗa waya a naɗe da salatif, ko a cika ta da dalma ta sandare ta karye a gaba, wannan na kabu-kabu ne. Duk abin da ka gano, mai lasisi ne zai duba ya sa hannu a littafin jirgi, haka dokar ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, take, kuma kai ma kariyarka ke nan.

Ga saƙo kuma ga matuƙinku, ka faɗa masa da ladabi amma ka faɗa. Littafi sau ɗaya ya ba shi: ya kashe rediyoyi, ya duba bireka, ya kashe masta ya kunna, idan fitila ta mutu ya mayar da rediyoyi. Idan ta sake kamawa, a kashe rabin ALT, a kashe duk abin da ba dole ba, a nemi sauka. Yin ta dannawa sau huɗu, sau biyar a tafiya ɗaya caca ce, don idan mai gadin gaskiya yake faɗa, kowace dannawa sakin wuta mai yawa ce a kan rediyo da batir. Batirin bolt 24 na 172 ɗan ƙarami ne, wajen amfiya 13 ko 14 na awa ɗaya ne yana sabo, kada ya ƙirga fiye da rabin awa. Injin ba zai mutu ba, gaskiya ne. Amma rediyo zai yi shiru, allurar mai za ta kwanta, fulaf na 172 da lantarki yake sauka, sai ya shirya sauka ba shi, da gudu fiye da yadda ya saba. A nan kusa da gida abin da sauƙi. A hanyar Agadas ko Diffa cikin hazo, ƙasa da sama launi ɗaya, ba abin wasa ba ne. Rediyon hannu mai cikakken caji da na'urar nuna hanya mai batirinta su zauna a jakarsa. Ni dai a ganina, jirgin nan kada ya ɗauki fasinja ko ya yi nisa sai an gano ciwon. Idan an yi gyara, a gwada shi a saman filin nan, da rana tsaka, minti 40 aƙalla, da mitar bolt a manne wani na kallo.

Gobe da azahar ka fitar da shi rana. Ka auno mini zubewar bolt daga sanda zuwa bakin akwatin regileta da safe da kuma bayan ya gasu, zubewar daga gangar altanata zuwa batir da kaya a kai, da abin da om ɗin ƙafar F ke yi idan kana juya fuli. Ka ɗauko mini hoton bayan makunnin masta da fitila a kai, kusa sosai, in ga launin hulunan. Ka gaishe mini da maigidan naku, ka ce na ce ya riƙe kuɗinsa zuwa jibi.